Baƙon da Ke Cikin Waƙar Bakwai

A bayan kasuwar Filingue, inda hanyar rairayi ke gangarawa zuwa rijiyar unguwa, akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa. Matar gidan sunanta Balkisa. Fura take yi, shekara ashirin da wani abu ke nan, amma ba wanda ke ce mata mai fura. Madan ake ce mata, kamar yadda ake kiran malamar lekol, wato makarantar boko. Waɗansu da ladabi suke faɗa. Waɗansu kuma, tsofaffin da suka san takardar da ta taɓa zuwa gidan ubanta, in za su faɗa sai gefen bakinsu ya ɗan motsa.

Ita dai ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma tana da irin haƙurin nan da ba ya sanyaya zuciya, sai dai ya ajiye abu inda ba zai lalace ba.

Mahaifinta Mamman manomi ne, gonarsa tana gindin dutse a gefen kwari. Lokacin da ya sa 'yarsa lekol maƙwabta sun yi masa dariya, bai kula ba. Bai iya karatun boko ba, amma yana girmama takarda ƙwarai. Duk abin da aka buga wa hatimi, a wurinsa ya gama zama gaskiya.

Balkisa ta sha wuya da lissafi a farko. Mushe, wato malaminsu, ya faɗa da Faransanci, su maimaita, kafin ta kai gida komai ya zube. Wata rana tana lugude da uwarta da wata maƙwabciya, taɓarya uku a turmi ɗaya, sai ta fara karanta haddar sau a kan bugun taɓaryar, biyu sau biyu, biyu sau uku, don kada uwar ta ce ta bar aiki ta kama takarda. Washegari ta tarar haddar tana nan daram. Da haka ta bi har ta ci birbe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare.

Ranar da ta samu aikin koyarwa, lokacin da gwamnati ta fara ɗaukar malaman kwantaragi, Mamman ya sa rigarsa ta Juma'a ranar Talata ya raka ta tasha. Tun daga ranar ya daina kiranta da sunanta. Madan yake cewa, ko ruwan sha zai nema.

Dogon Gawo aka tura ta, wani ƙauye can arewacin ƙasar Kurfey. Ajinta rumfar kara ne, yara sittin da biyu, da babban allo ɗaya jingine da icce. Doka ta ce Faransanci kaɗai za a yi. Ta yi wata uku tana bin doka, yara suna ihun lambobi ba su san abin da suke ihu a kai ba. Sai ta koma ga abin da ta sani. Ta zuba haddar cikin waƙa da Hausa, a kan bugun lugude, yara suna dukan cinya da tafin hannu maimakon taɓarya. In sun riƙe, sannan ta juya musu da Faransanci. Kafin bazara, iyaye sun fara jin tara sau shida a bakin rijiya.

A bazarar ne insifekta ya zo duba makaranta. Albarka sunansa, shi ma mutumin Filingue ne. Yana da babur na ofis da baƙin takalmi mai sheƙi, wanda yakan goge da hankici kafin ya shiga aji. Tun daga nesa ya jiyo waƙa. Ya tsaya a ƙofar rumfa har yaran suka gan shi, suka miƙe, muryoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Da Hausa ya yi magana, don yaran su ji.

"Madan, wa ta haihu? Ba a gaya muna da suna ba, da mun zo da goro."

"Sannu da hanya, Mushe Insifekta. Kalkul ne muke yi, lissahi."

"Kalkul. To. Ni na aza gidan biki na shigo." Ya miƙa hannu. "Ba ni allin. Zauna can cikin ɗiyanki, ki ga yadda ake koya ma mutane."

Ta ba shi, ta koma gefe ta tsaya.

Ya fara rubuta haddar bakwai da sauri, yana faɗa da Faransancinsa mai daɗin ji. Bakwai sau shida, bakwai sau bakwai. Da ya zo bakwai sau takwas ya rubuta hamsin da huɗu, ya wuce. Ko gaggawa ce, ko zafin rana, Allah ya sani. Sai aka fara jin ɗan bugun cinya a hankali, daga baya zuwa gaba, yara suna bin waƙar a zuci don su gane ko su ne suka ɓace.

Da Balkisa ta yi shiru, da ya gama ya hau baburinsa. Amma ta ga yara sun fara kwafa a allunansu. Ta tako, ta shafe huɗun da ɗan yatsa, ta ɗauki guntun alli a ƙasa ta rubuta shida. Wani a baya ya yi dariya, sai sauran suka bi.

Albarka ya daɗe yana goge alli daga yatsunsa. Sannan ya ce, "Madan, hannun ga naki ya hi dacewa da taɓarya." Ya fita.

Ƙarshen shekara takarda ta zo gidan Mamman. Ta ce ba za a sabunta kwantaragin ba, domin insifekta ya tarar da kuskuren lissafi a allon malama, ba ta mallaki abin da take koyarwa ba, kuma ta mai da aji dandali. Mamman ya kai takardar tasha aka karanta masa, a gaban masu jiran motar Yamai. Kafin ya iso gida labari ya riga shi.

Balkisa ta durƙusa ta gaya masa yadda aka yi, tun daga babur har guntun alli. Ya saurara har ƙarshe.

"Balkisa," ya ce, "babban mutum ba shi buga hatimi bisa ƙarya. Ki yi haƙuri. Allah bai ba mu ba."

Ba ta ji sauran maganar ba. Sunanta da ya kira shi ta ji. Ya rayu shekara huɗu bayan nan, bai sake tayar da zancen ba, bai kuma sake ce mata Madan ba. Ranar da aka fita da shi, tana zaune a ɗakin uwarta ta ƙulla abu biyu a ranta: ba za ta kai ƙara ko'ina ba, ba kuma za ta taɓa ambatar sunan mutumin nan ba. Bakin da ya yi ƙaryar shi zai warware ta, a gaban jama'a, kamar yadda aka karanta takardar a gaban jama'a.

Ta auri Hamani, mai gyaran mota a tasha, mutum mai sanyin hali da ba ya tambayar abin da ba a gaya masa ba. Ta kama fura. Kowace la'asar 'yan matan unguwa sukan zo taya ta daka, ta ba su gaya, kuma tunda dole a yi waƙa in ana lugude, sai ta ba su waƙoƙinta na Dogon Gawo. Duk tana nan yadda take, sai haddar bakwai da ta samu ƙari. In an zo bakwai sau takwas sai a ce:

Bakwai takwas, wa ya sani?
Baƙo ya zo da takalmi,
Ya ce hamsin da huɗu ne,
Biyu sun ɓace a hanya.
Ku nemo biyun, 'yan mata,
Hamsin da shidda, ga su nan.

A daidai "ku nemo biyun" kowa takan jefa taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe. Wurin nan 'yan mata suka fi so. Wadda ta kasa cafewa ana yi mata tsiya har gobe.

Habaicin turmi yana da ƙa'idarsa, kuma kowa a Kurfey ya san ta. Ba a kiran suna. Mai waƙa ta jefa maganarta sama, ta ci gaba da dakanta. Wanda aka yi dominsa, in yana da wayo, sai ya wuce kamar bai ji ba, maganar ta zama ta kowa. In ya tsaya ya tanka, to ya sa hannu ya karɓa, kuma ba mai karɓe masa. Dogon Gawo tana da nisa, yaran da suka ga abin sun watse, wasu Yamai, wasu Kwatano. A Filingue ba wanda ya san wane ne baƙo mai takalmi. Ko Husaina, aminiyarta da suke daka tare, in ta tambaya sai Balkisa ta ce, "Baƙo dai."

Waƙar ta fita daga gidan ta shiga lekol, ta shiga wasan gaɗa, maza ma suka ɗauka. Albarka ya yi ritaya, ya je Makka, ya gina gida a unguwar gabas, ya zama mai sahun gaba a masallaci. Jikokinsa suka shiga aji uku, suka dawo gida da waƙar. Yana zaune a zaurensa yana jin ana tafi sau biyu a tsakar gidansa. Bai taɓa hanawa ba. Ya san ƙa'ida.

Ranar kasuwa sukan haɗu wani lokaci, Balkisa da ƙwaryarta, shi da sandarsa. Takan rusuna ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, gida, iyali, gajiya, har da ƙafar da ke damunsa. Shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Haka suka yi shekara da shekaru. Ya iya jira, ita ma ta iya.

Sai wata shekara bayan girbi, wata malamar jami'a ta zo daga Yamai. Dokta Anisa sunanta, yarinya ce a kan Balkisa, Hausarta gauraye da Zabarmanci da Faransanci. Bincike take yi a kan yadda yara ke koyon lissafi da waƙa da tarihin ƙasarsu, abin da ke zama a kansu da abin da ke zubewa. Ta zagaya makarantu tana ba da gwaji. A makarantar bayan kasuwa ta ga abin da ya tsayar da ita. In an ba yara lissafin sau, leɓɓansu suna motsi, ƙafafunsu suna bugun ƙasa, kuma a wani wuri sai ta ga yatsu sun taɓa juna sau biyu a ƙarƙashin tebur. Amsoshinsu kuma sun fi na sauran makarantu.

Ta tambayi darakta, Mushe Isufu. Ya ɗan ji kunya, ya ce ba a aji ake koya musu ba, wurin wata mai fura suke ɗaukowa.

Ta tarar da Balkisa tana surfe.

"Tanti, an ce ke kika yi waƙoƙin nan."

"An ce."

"Kin yi lekol?"

"Kaɗan. An ce ban iya lissahi ba."

Anisa ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ta yi mako biyu tana zuwa kowace la'asar da ɗan rikodarta, tana zaune a kan turmin da aka kife, tana tambaya: me ya sa haddar shida take da sauri, ta tara kuma a hankali? Balkisa ta ce shida ta surfe ce, tara ta ribɗi ce, hannu ya gaji a lokacin, kai ma ya gaji. Anisa ta rubuta. Ta ce in bincike ya tabbata, za a naɗi waƙoƙin a sa a rediyo, a buga ɗan littafi a raba wa makarantun yankin.

Amma akwai kwamitin dattawa da aka kafa don duba duk abin da za a kai wa yara, kuma wa ya fi cancanta ya shugabance shi in ba tsohon insifekta ba? Alhaji Albarka ya karanta waƙoƙin, ya yaba. Sannan ya kira Anisa gefe ya ce a cire baitin baƙo. Ya ce ba a saka wa yaro lambar kuskure a kunne, za ta manne ta kori ta gaskiya. Magana ce ta masana, Anisa kuma ta ga tana da hujja.

Ta zo ta gaya wa Balkisa.

"Wa ya ce a hidda shi?"

"Alhaji Albarka. Wataƙila yana da gaskiya, Tanti. Amma ni ba ni cire abu da zato. Za ni gwada."

Balkisa ta ɗan tsaya da taɓarya a hannu. Shekara ashirin da biyu bai motsa ba, yau ya motsa.

"Gwada, ɗiyata. Amma in kin samu amsa, kada ki kai ta ofis ki rufe ƙofa. Uwayen ɗiyan ga su ma suna da kunne. Ki tara mu duka."

Anisa ta zaɓi makarantu biyu a ƙauyukan hanyar Bonkoukou, inda waƙar ba ta kai ba. Ɗaya aka koya musu da baƙo, ɗaya aka koya musu ba baƙo. Bayan mako shida ta koma ta gwada su, bayan wata uku ta sake komawa.

Aka yi taron da hantsi a filin makarantar bayan kasuwa, a inuwar iccen bedi. Maza a kan kujeru, mata a kan tabarmi. Alhaji Albarka yana tsakiyar kujerun gaba. Husaina ta zauna kusa da Balkisa. Ita Husaina taubashiyar Alhaji ce, uwarta da ubansa ciki ɗaya, don haka tana da ikon faɗa masa abin da ta ga dama ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Anisa ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce a makarantar da aka cire baƙo, cikin yara goma shida ne suka riƙe bakwai sau takwas bayan wata uku. A wadda aka bar shi, tara ne. Ba ko yaro ɗaya da ya rubuta hamsin da huɗu. Ta ce da alama yaro ya fi riƙe abin da ya yi wa dariya, kuma in ya gyara wa babba kuskure da bakinsa, gyaran ya zama nasa.

Mata suka yi guɗa. Alhaji ya gyaɗa kai kamar wanda ya yarda da hukunci. Da an tashi a nan, da ya tafi gida da girmansa.

Sai Anisa ta juya ta ce, "Tanti, abu ɗaya ya rage mini don rahoto. Baƙon nan, ƙirƙira ce ko ya taɓa faruwa?"

Balkisa ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi. Ba ta kalli kujerun gaba ba.

"Ya hwaru. Wani ƙauye ne, da daɗewa. Baƙo ya shigo aji ya amshi alli. Shi dai bawan Allah bai san haddar bakwai ba sam. Tun daga bakwai biyu ya sa hannu aljihu yana ƙirga da yatsu, ɗiya suna kallon wandonshi yana motsi. Da yatsun sunka ƙare sai ya duƙa kamar zai goge takalmi, ashe na ƙahwa yake nema."

Filin ya ɗauki dariya, har maza suna dukan gwiwa. Ba haka aka yi ba, kuma mutum biyu a wurin sun san ba haka aka yi ba. Amma Balkisa ta daɗe da sanin abu ɗaya a jikinta: mutum yana iya haɗiye gaskiya mai ɗaci shekara da shekaru, ƙaryar da aka ɗora masa a gaban jama'a ita ce ba ta wucewa a maƙogwaro.

"An ce zuhwa har ta jiƙa allin," ta ƙara, "ya roƙi wata 'yar aji ta raɗa mishi amsa."

Sandar Alhaji ta bugi ƙasa.

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Ba wanda ya ƙirga da yatsu, ba wanda ya roƙi kowa. Tun daga bakwai ɗaya har bakwai goma da ka anka rubuta ta. Guda ce kaɗai, ita ma da gangan anka sa ta, don a ga ko ɗiyan suna farke."

Dariya ta tsaya. Aka ji kukan akuya daga bayan katanga.

Husaina ta karkata kai, ta kama haɓa.

"Ikon Allah. Alhaji, ashe ka san baƙon? Mu shekara ashirin muna neman shi."

"Ni... labari na ji."

"Labari. To wanda ya ba ka labarin har cikin zuciyar baƙo ya shiga, ya gano da gangan ne? Kai taubashi, nuna muna takalminka mu gani."

Wasu suka ƙyalƙyale, wasu suka sunkuyar da kai. Wani tsoho daga cikin masu zaman tasha, wanda yana nan ranar da aka karanta wa Mamman takarda, ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "To in baƙo ne ya rubuta kuskuren, don mi takarda ta ce Madan ce?"

Balkisa ta riga ta zauna, tana kakkaɓe ɗan ganyen bedi da ya faɗo mata a zane. Anisa kaɗai ke kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya, sai a lokacin ta gane abin da aka tara mutane a yi.

A hanyar gida ta cim ma Balkisa.

"Tanti, kin yi aiki da ni."

"Kin samu amsarki ko ba ki samu ba?"

"Na samu."

"Gaskiya ce ko ƙarya?"

"Gaskiya ce."

"To ni ma tawa nike nema."

Kwana biyu Alhaji bai fito ba. Rana ta uku matarsa, Hajiya Bintu, ta zo gidan shuɗiyar ƙofa. Ta zauna, aka gaisa, aka sha fura. Sannan ta ce tsoho ne, ga ciwon ƙafa, ga jikoki, yara sun fara tafa sau biyu in ya wuce. Ta ce don Allah, don zumunci, mi za a yi?

Balkisa ta ce, "Hajiya, da hannu anka rubuta ta farko. Shi rubuta wata da hannunshi, shi hwaɗi wanda ya yi kuskuren da wanda ya gyara. Shi zo shi karanta nan bakin ƙohwa, lokacin da masu sayen hura suke nan. Mushe Isufu shi sa hannu, liman shi sa hannu."

"Nan bakin ƙohwa? Balkisa, ki dubi furfurarshi."

"Ta babana ma hwara ce lokacin da anka karanta mishi tashi a tasha."

Bintu ta koma da saƙo. Aka yi mako guda. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga su, Alhaji da Bintu da darakta da liman. Masu sayen fura suna tsaye da kwanoninsu, ba wanda ya tafi. Alhaji ya jingina sandarsa a ƙofa don ya riƙe takardar da hannu biyu. Ya karanta da Faransanci da sauri.

"Alhaji," in ji Balkisa, "mutanen ga ba su yi lekol ba."

Ya sake da Hausa. Ya ce shi ya rubuta hamsin da huɗu, ba da gangan ba, kuskure ne. Ya ce Madan Balkisa ita ta gyara, kuma malama ce da ta san aikinta. Ya ce rahoton da ya kai ofis ba gaskiya ba ne. Da ya gama, liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa.

Balkisa ta karɓi takardar. Ta karanta ta tsaye, tun daga kwanan wata har sa hannu, ba ta yi sauri ba. Ta naɗe ta ta sa a bakin zane.

Bintu ta matso ta rage murya. "To alhamdu lillahi. Waƙar hwa? Tunda ba a kai rediyo ba, sai a hidda baƙon."

"Hajiya, takarda na nema, an ba ni, na gode. Ban ce komi ba bisa waƙa."

"Haba Balkisa!"

"Kina wurin Dokta ta yi bayani. In yana ciki tara ke riƙewa, in an hidda shi shidda. Ni malamar lekol ce, mijinki ya hwaɗa yanzu kowa ya ji. Ba ni zubar da ɗiya ukku don in rufa ma mutum guda asiri."

Alhaji ya dubi Balkisa, karo na farko da ya dube ta ido cikin ido tun Dogon Gawo.

"Bintu," ya ce, "mu tahi."

Ya ajiye shugabancin kwamiti a makon, wani ya sa hannu a madadinsa. Ranar Laraba Anisa ta zo da masu naɗar murya, aka jera turmi biyu a tsakar gida, aka ɗauki waƙoƙin duka, ba a taɓa ko baiti ɗaya ba. Haddar bakwai sai da aka maimaita ta sau uku, domin Balkisa ta ce tafin bai fito sosai ba.

Sandar da Alhaji ya manta a ƙofar ta kwana shida jingine a wurin, kowa ya wuce ya gan ta, kafin Hamani ya ɗauka da kansa ya mayar masa.